Zoben da Na Binne a Yashi

Unguwar Romi, Kaduna
Talata, 16 ga Yuni

Zuwa ga Hephzibah, Zibata, hasken idona, ruwan randata na tsakar rana, inuwar da nake gudu in fake a cikinta, ke da in an ambaci sunanki nake ajiye shebur in tsaya ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta fi ƙarfin takardar nan. Ina aiki, ina gajiya, yaya marasa lafiyarki? Ina fata Ubangiji yana riƙe da ke a can bakin teku, a ƙauyen masuntan nan da har yau harshena ya kasa furta sunansa daidai. Ni dai ga ni nan da rai da lafiya, amma kaina a ɗaure yake tamau, kuma ke kika ɗaure shi.

Saƙonki ya iso ranar Juma'a. Direban motar da ya kawo shi yana kirana na bar siminti a kwaɓe, na tari keke zuwa tashar mota ta Garejin Television, ko hannu ban wanke ba. Mako tara ke nan ba ki ɗaga wayata ba, Zibah, mako tara cur, sai ga kwali da sunana a kai da rubutun hannunki! Ban iya jira na kai gida ba. A nan bakin titi na yage shi. Ga bandar kifi, ga jatan lande a leda, sai can ƙasa hannuna ya taɓo ƙarfe. Na jawo, na ga gwangwanin Mama. Shuɗin gwangwanin alawar nan mai lotsattsen murfi, wanda take ajiye allura da zare, wanda kika riƙa gani a kan taga a gidanmu na Unguwar Boro duk watannin da kika yi kina zuwa yi mata allura kafin Allah ya ɗauke ta. Na zauna a kan bencin mai shayi. Na buɗe murfin. Babu zoben da na sa a ciki. Babu 'yar takardar da na rubuta. Sai wata takarda daban a ninke, cike da kwanaki da lambobi, an zagaye layi ɗaya da jan biro. Na juya gabanta, na juya bayanta, na zazzage kifin nan ɗaya bayan ɗaya har mai shayi ya fara kallona, ko kalma ɗaya ba ki rubuta mini ba.

Me kike nufi, farin cikina? Me kike so in gane? Kin aiko mini da amsa ne, ko kin aiko mini da sallama?

To, kafin in dame ki da tambaya, bari in fara biyan abin da ke kaina, wato gaskiyar da na ɓoye miki tun Ista. Na ɓoye ta ne don kunya, ba don komai ba, kuma kunyar nan ta kusa raba ni da ke, in ma ba ta riga ta raba ba.

Kin tuna ranar da na iso? Kwana da yini a mota, bayana ya sage, ƙafafuna sun kumbura. Kika tarbe ni da fararen kayan aikinki, kika ce kafin in ci abinci sai na gaisa da maigidan garin. Na ɗauka wurin dagaci za ki kai ni. Kika bi da ni ta bayan asibitin mishan ɗinku, muka ratsa tsakanin itatuwan kwakwa, sai kawai ƙasa ta ƙare. Kai! Ni da na ɗauka na san ruwa! An haife ni a kudancin Kogin Kaduna, na yi iyo a cikinsa, shekara goma sha ɗaya ina buga bulo da yashinsa, amma ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba. Na tambaye ki ina tsallaken yake, kika yi dariya har kika dafa gwiwa. Dariyar nan tana kunnena har yanzu. Wani lokaci injin bulo yana ta ƙara, ni kuwa ita nake ji.

Washegari muka bi gaɓar teku da ƙafa, kin riƙe silifas ɗinki a hannu, iska tana ta kokawa da ɗankwalinki. Ƙananan ƙaguwa suna gudu a karkace suna shigewa rami, ni ƙato da ni ina tsalle kada su cije ni, ke kina tsokanata wai jarumin Romi ya gamu da gamonsa. Muka wuce kwale-kwalen da aka rubuta wa ayoyi a jiki da fenti. Muka tarar da maza sun yi layi suna jan taru da waƙa, na cire riga na shiga cikinsu don in burge ki, igiyar ta saɓule mini tafin hannu, hannun da siminti ya kasa yi wa komai. Muka ratsa ta rumfunan da mata ke banda kifi, hayaƙi ya sa ni hawaye, kowace ta ganki sai ta kira ki da murna ta miƙo miki wani abu. A nan na gane mutanen nan sun riga sun mai da ke tasu. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, ban dai faɗa miki ba.

A ranar kika nuna mini babbar bishiyar nan mai faɗin ganye, inda wani dattijo ke zama yana ɗinkin taru. Na ga tarkace jere a gindinta, takalmi wari ɗaya, cokali, mabuɗi, tabarau da ya rasa ido ɗaya. Kika ce al'adar garin ce, duk abin da taru ya jawo wanda ba kifi ba, ba mai kai shi gida, a nan ake ajiye shi har mai shi ya zo, ko da za a shekara. Na ce mutanen kirki ne, na wuce abina. Ina na san wata rana asirina ne zai kwanta a gindin bishiyar nan, tsakanin cokali da warin takalmi?

Kuma a ranar dai na yi wautar da ta haifi duk sauran. Na ga masunta suna nishi suna tura jiragensu can sama nesa da ruwa, har kusa da itatuwa, na ce miki wannan ai wahalar banza ce, me zai hana su bar su a bakin ruwa? Kika fara yi mini bayani, na tuna kin ambaci wata, kin ambaci safe da yamma. Zibah, ban ji komai ba. Wushiryarki nake kallo. Bakinki yana motsi, rana tana haska gefen fuskarki, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Na lura kam wani lokaci ruwan yana kusa, wani lokaci yana nesa, amma na ɗauka wurin ne daban-daban, tunda gaɓar duk kama take yi mini.

Rana ta uku kika kai ni kurmi. Wayyo kurmin nan! Muna shiga ƙarar teku ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Sanyi ya sauko mana, hasken rana yana ɗigowa ta tsakanin ganye kaɗan-kaɗan, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko. Ga tukurwa, ga kwakwar manja, ga gora ta yi rumfa a kan hanya, ga waɗansu itatuwa tsaye a cikin taɓo a kan saiwoyinsu kamar sun tattare zane za su haye rafi. Birai suka bi mu ta sama suna leƙe. Sauro kuwa ya ci rabonsa a wuyana, ke ko ɗaya bai taɓa ki ba, kika ce ya san baƙo. Da muka zo gadar katakon nan mai rawa, kika wuce gaba abinki, kika juyo kika miƙo mini hannu. Na kama. Mun haye gadar, mun yi tafiya mai nisa, ba ki saki ba, ni ma ban saki ba. Kina rera waƙar da kuke yi a ƙungiyar mawaƙan coci can ƙasa-ƙasa, ni kuwa zuciyata tana dukan ƙirjina, domin zoben auren Mama yana aljihuna na dama, a cikin gwangwaninta. Yaya Vicky, babbar 'yar Mama, ita ce ta damƙa mini shi da hannunta ranar da zan taso, ta ce Mama ta bar wasiyya a ba matar da zan aura, kuma ta san wadda Mama take nufi.

Me ya hana ni durƙusawa a nan cikin kurmin? Me ya hana ni, Zibah? Ga inuwa, ga shiru, ga hannunki a nawa! Na tambayi kaina wannan tambayar ta fi sau dubu. Son burgewa ne ya hana ni. Na ce a raina mace irinki ba a miƙa mata zobe haka kawai kamar ana miƙa goro, sai an yi abin da za ta riƙa ba jikoki labari.

Saboda haka ranar Litinin da safe, kina can kina duba marasa lafiya, na sulale zuwa bakin teku. Na sami kwakwar nan da ta karkace kamar za ta sha ruwa. Na juya mata baya, na ƙirga taku ashirin zuwa wajen ruwa, inda yashin ya yi laushi ya kwanta sumul. Na rubuta a 'yar takarda, Hephzibah, za ki aure ni? Na sa ta tare da zoben, na rufe gwangwanin, na naɗe shi da leda, na ɗaure da roba, na tona rami iya tsawon tafin hannu na binne. Har zanen zuciya na yi a kai da tsinke, don kada in ɓata wurin. Dabarata ita ce mu bi ta kurmi mu ɓullo ta nan, in ce miki ƙafata ta taka wani abu, ki tona da hannunki. Ruwan yana can nesa, ya fi taku talatin daga wurin. Na dube shi, na dubi ramina, hankalina kwance. A wurinmu ruwa yana da lokacinsa. Kogin Kaduna ya cika a Agusta, ya janye da rani, masu tifa su shiga har tsakiyarsa su ɗebi yashi, in ka bar shebur a gaɓa da safe, da yamma a nan za ka same shi. Ni mutumin yashi ne, na yarda da yashi. Wa zai ce mini akwai ruwan da ke yin damina da rani sau biyu a yini ɗaya?

Muka shiga kurmi wajen sha ɗaya. Kika tsaya gaida wata tsohuwa mai ciwon ƙafa a bukkarta, kika wanke mata, kika ɗaure. Muka zauna a kan gungume muka sha ruwan kwakwa. Ni duk ina ta murna a ciki, ina maimaita abin da zan faɗa. Sai wajen ƙarfe uku muka ɓullo bakin teku.

Zibah, babu yashin. Babu zanen zuciya, babu taku ashirin, babu komai. Teku ya taso har yana lasar gindin kwakwar. Inda na binne zoben uwata, raƙuman ruwa ne ke birgima a kai suna kumfa. Na dubi kwakwar, ita ce. Na dubi hagu, na dubi dama, ko akwai wata mai kama da ita, babu. Na ce a raina na shiga uku, me zan gaya wa Yaya Vicky, me zan gaya wa Mama ranar da muka haɗu?

Kuma a daidai wannan lokacin, a daidai wannan mintin, kika riƙo hannuna kika juyo da ni. Kika ce shekararki ɗaya ta kusa cika, masu asibitin sun roƙe ki ki sa hannu a ƙarin shekara uku, sun ba ki zuwa ƙarshen Yuni ki ba da amsa. Kika ce ba ki amsa ba tukuna, kina so ki ji ta bakina. Kika tsaya kina kallona da idanun nan naki. Yanzu na san abin da kike jira. Ko a lokacin ma da ina cikin hayyacina da na sani. Amma idona yana kan ruwa, raina yana ƙarƙashin ruwa, sai na ji bakina ya ce duk yadda kika gani ya yi.

Duk yadda kika gani ya yi! Ni Ebenezer, da na yi kwana da yini a mota don in roƙe ki ki zama matata, abin da na iya faɗa ke nan! Na ji lokacin da hannunki ya saki nawa. A hankali kika sake shi, ba da fushi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Muka koma gari kina gaba ina baya.

Da gari ya waye na koma wurin, na tarar ruwan ya janye kamar bai taɓa zuwa ba, munafuki. Na ƙirga taku ashirin na tona. Na ƙirga sha tara na tona, na ƙirga ashirin da ɗaya. Na samo guntun katako na yi ta haƙa kamar mahaukaci, har masunta suka tsaya suna kallona suna magana da yarensu. Ban sami komai ba. Na zo tasha da yashi a farce, kika rako ni da ladabi irin na baƙo, kika ce Allah ya kiyaye hanya, Malam Ebenezer. Malam Ebenezer! Ke da tun a ɗakin jinyar Mama kike ce mini Eben. Na buɗe baki in faɗa miki komai, sai na hango yadda zan zama abin dariya, ƙaton banza da ya ba teku zoben uwarsa da hannunsa, na haɗiye maganar. Na zaɓi ki ɗauke ni marar zuciya a kan ki ɗauke ni wawa. Wannan ita ce wauta ta biyu, kuma ta fi ta farko girma.

Ga gaskiyar ke nan, ban rage komai ba. Yanzu ke ki taimake ni, domin tun ranar Juma'a ban san inda nake ba.

Na gane abu ɗaya da kaina: taru ne ya jawo gwangwanin, aka ajiye shi a gindin bishiyar nan, kika zo wucewa kika gane shi. Wannan kam ko ni na iya haɗa shi. Amma yaushe? Makon jiya? Ko tun watan Afrilu yana hannunki, kina kallon wayata tana shigowa kina barin ta ta katse? Kuma a rufe kika same shi, ko ruwa ya riga ya ɓalle murfin? Idan a rufe yake, to, kin ga zoben, kin karanta takardata, kin san abin da ya kawo ni. Idan a buɗe yake, to, zoben Mama yana cikin teku, takardata ta narke, ke kuma ba ki san komai ba sai yanzu da kike karanta wannan. Wanne ne, Zibah? Da wace Hephzibah nake magana, wadda ta sani ko wadda ba ta sani ba?

Na rasa yadda zan yi, na ɗauki gwangwanin na tafi Barnawa wurin Yaya Vicky na faɗa mata komai. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta riƙe gwangwanin ta yi kuka, sannan ta share ido ta wanke ni tas. A ganinta magana ta ƙare. Ta ce mace mai mutunci in ta gama da mutum takan mayar masa da kayan gidansu, kin tsinci abin Mama fanko, kin dawo da shi don girmama mamaciya, takardar lambobin kuwa kin cusa ta ne kawai don kada murfin ya yi ta ƙara a hanya. Na fito daga gidanta jikina a sanyaye.

Daga nan na wuce Kakuri wurin Anayo, abokina makanike, wanda ya taɓa gyaran injin jirgin ruwa a kudu kafin ya dawo Kaduna. Ina miƙa masa takardar ya gane ta. Ya ce jadawalin teku ne, irin wanda ake mannawa a bango a garuruwan masunta, yana nuna lokacin da ruwa zai hau da lokacin da zai sauka a kowace rana. Ashe har rubuta shi ake yi! Ashe kowa ya sani, har da ranar da sa'ar, ni kaɗai ne ban sani ba! Da na ba shi labarin ramina, Anayo ya yi dariya har ya kwanta a kan bonet ɗin mota, ya tashi ya dube ni ya sake kwantawa. Da ya lafa, ya sa yatsa mai baƙin mai a kan jan layinki ya karanta mini: Asabar, ashirin da bakwai ga Yuni, ƙarfe goma da minti arba'in na safe, lokacin da ruwa zai kai ƙarshen janyewarsa. Ya ce wannan kira ne, ko makaho ya shafa ya san kira ne. Ya ce zoben yana yatsanki, in je in yi abin da ya kamata in yi tun farko.

To, wa zan bi? In na saurari Anayo sai in ji kamar in tashi sama, in na tuna fuskar Yaya Vicky sai in faɗo. In na ce sallama ce, sai in tambayi kaina, wa ke zama ta zaɓo wa mutumin da ta sallama kifi mai tsoka, ta barbaɗa masa yaji daidai yadda yake so? In na ce kira ne, sai in tuna ke ko maƙiyinki ba kya bari ya kwana da yunwa. In na ce jan biron nan ba a banza ya zagaye kwana uku kafin ƙarshen Yuni ba, sai wata zuciyar ta ce wataƙila wani ne ya zagaye shi a asibiti don ranar zuwan jirgin magani, ke kuma kika yago shafin ba ki duba ba. Ko kuwa tsokana ce? Ko cewa kike yi, ga shi nan, ɗan Kaduna, ka koyi karatun ruwa kafin ka sake zuwa garin mutane? In ma tsokanar ce, na karɓa da hannu biyu, domin wanda aka daina so ba a tsokanarsa. Kin ji ni kuma, na sake komawa gefen Anayo! Haka nake yini, ina kai gwauro ina kai mari a cikin kaina. Jiya na zuba siminti sau biyu a kwaɓi ɗaya. Ruwan sama ya sauko a kan bulon da ban rufe ba, ina tsaye ina kallo. Kifin ma na kasa ci, na kasa bayarwa, yana nan rataye, ɗakina duk ƙamshin garinku.

Na kira ki sau bakwai tun Juma'a. Na san sai an hau tudun coci ake samun layi a wurinku, na kuma san kina hawa duk Lahadi. Ban yi fushi ba. Wanda aka tambaye shi rayuwarsa ya ce duk yadda aka gani, ba shi da bakin ƙorafi.

Amma ki bar ni in janye maganar nan, ya ke sanyin idona. Ba duk yadda kika gani ba! Ƙarya na yi, tsoro ne ya yi magana da bakina. Abin da na gani shi ne ke, a gidana, a rayuwata, a gefena a coci, ke da tsufana, ke da 'ya'yan da za su gaji wushiryar nan. Ina sonki, Hephzibah. Ina sonki tun ranar da na shigo na tarar kin zauna a bakin gadon Mama kina taje mata kai alhali aikinki allura ce kawai. Ina sonki da safe in na buɗe ido, ina sonki da rana tsaka in gumi yana shiga mini ido, ina sonki har ina jin haushin kaina. Ban ce ki bar mutanen da suke buƙatarki ba. Na ga yadda tsohuwar nan ta riƙe hannunki, ban manta ba. In zuciyarki tana kan shekara ukun nan, faɗa mini, mu zauna mu duba. Yashin teku ba ya yin bulo, gishiri ya yi masa yawa, amma an gina asibitinku da wani abu ai, zan nemo inda suke samo nasu. Abin da nake roƙo kawai, kada ki sa hannu a takardar nan kina zaton ba wanda ya damu. Kada ki ba su shekara uku saboda maganar banza da wani wawa ya yi yana kallon ruwa.

Direban zai juya jibi Alhamis, shi zai kawo miki wannan. Ni kuma zan biyo baya mako mai zuwa. Ban san ko an kira ni ba, amma zan zo. Ranar Asabar, ashirin da bakwai ga wata, ƙarfe goma da minti arba'in, za ki same ni a gindin kwakwar da ta karkace. Ba zan binne komai ba, ba zan zana komai ba, ba ni da wata dabara kuma. Ba ni ma da zoben da zan miƙa miki, sai dai in yana wurinki. Da bakina zan tambaye ki, a gaban masu jan taru da masu banda da duk wanda ya ga dama ya tsaya kallo, su da suka riga suka ga haukata.

In ba ki zo ba, zan jira. Anayo ya ce bayan awa shida ruwan zai dawo inda ya baro, kin ga yanzu na sani. Zan tsaya har ya iso ƙafata, sannan in ɗauki jakata in koma Romi, ba zan ƙara damunki da waya ko wasiƙa ba, sai dai addu'a, wadda ba ki da ikon hana ni.

In kuwa za ki zo, alfarma ɗaya nake nema. Na san ki da tsokana, na san za ki so ki ja mini rai, kuma na cancanta. Amma mako tara sun isa, Zibah, zuciyata ba za ta iya ɗaukar ƙari ba. Idan kin ɓullo ta hanyar kurmi, tun daga nesa, don girman Allah kada ki ɓoye hannunki na hagu a bayanki.

Ni ne naki, ko da zobe ko babu, ko kin zo ko ba ki zo ba, yau da gobe har ranar da za a kwantar da ni kusa da Mama,

Eben